Shayin Rage Tumbi da Gardamar Mutanen Dangamaji

Alhaji, sauke hannu daga kan tumbin nan, ba ƙwace shi zan yi ba. Na san abin da ke bakinku, ku mutanen Dangamaji: a zamanin da mudun shinkafa ke neman gagarar mai albashi, wa ke da ƙibar ragewa? Akwai gaskiya a ciki. Gidaje da yawa damuwarsu yaro ya ƙara nauyi, kuma ba da su nake ba. Da ku nake, masu zaman shago a kasuwar Jega, da dillalan albasa na Aliero da rabonsu da ɗaga buhu tun da suka samu yaran aiki, da Hajiyar da ta sha "sha-ka-fashe" bara don ta cika atamfar biki, bana kuma ta sayi shayin rage tumbi don ta shiga atamfar wani bikin.

"Ai shayin yana aiki," in ji Hajiya, "kwana uku na ji ni wasai." Ranki ya daɗe, ina kika fi zama a kwana ukun? Da yawa daga cikin shayin nan ganyen sanna ne a ciki, ɗan'uwan filaskon da kakanninmu ke jiƙa wa mai cushewar ciki. An zuba shi a kwali mai hoton siririyar Baturiya, sai kuɗinsa ya ninka. Abin da ya fita ruwa ne da abin da ke cikin hanji. Kitsen yana nan, ko gezau. Wannan ma mai sauƙin ne. Akwai maganin rage ƙiba mai suna sibutramine da aka janye daga kasuwannin Turai da Amurka a 2010 saboda yana ƙara haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki, amma har yau hukumomi na gano shi a ɓoye cikin kayan da aka rubuta wa "ganye zalla". Ke da ba kya sayen albasa sai kin latsa ta, ga ki kina haɗiyar abin da ko lambar NAFDAC babu a jikinsa.

Ga kuma ɗan boko, wanda ya dawo daga jami'ar Aliero da fatawar cewa tuwo ne abokin gaba. Ya daina tuwo, ya daina shinkafa, a jihar da aka ƙaddamar da shirin bashin manoman shinkafa na Babban Banki a 2015. Mako guda sikeli ya nuna kilo biyu sun tafi, ya shiga yi mana wa'azi. Sannu, malam. Jiki na adana sitaci a hanta da tsoka, kuma kowane giram guda yana riƙe da kusan giram 3 na ruwa. In ka yanke tuwo, ajiyar nan ce ke ƙarewa ta tafi da ruwanta. Ranar da Inna ta tuƙa na dawa da miyar kuka, ƙamshin man shanu ya karya maka alkawari, kilo biyun sun dawo su yi maka barka da gida.

Kuna cewa rashin juriya ne? A Amurka an yi wani shirin talabijin, The Biggest Loser, inda masu ƙiba ke gasar zubar da nauyi cikin watanni. Masu bincike ƙarƙashin Kevin Hall sun bi mutum 14 daga cikinsu, suka fitar da sakamako a 2016: bayan shekara 6 kusan duk sun sake ƙara nauyi, da yawa sun mayar da yawancin abin da suka zubar, jikinsu kuma ya rage ƙona abinci ko suna kwance. Waɗannan da likitoci da masu horo a kansu ke nan. Jiki bai san ado kake nema ba, in ka matsa masa sai ya ɗauka fari aka shiga, ya fara tsimi. Shi ya sa likitoci ke cewa rabin kilo zuwa kilo guda a mako ya wadatar. Mu ma shaida ne a nan: wa bai rame da azumi ba, wa kuma bai cike gurbin ba kafin a gama yawon Sallah?

To me za a ci? Abin da ke tukunyar gidanku, Alhaji, sai dai a sauya rabon. Malmala uku ta koma biyu, miya ta yi yawa, kuma ta ganye: kuka, kuɓewa, sure, lalo. Kwaɗon zogale ko na rama da ƙuli-ƙuli, wanda kuka mayar abincin mata da yara, ya dawo tiren maigida. Wake, gyaɗa, kifin gulbi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce giram 400 na ganye da 'ya'yan itace a rana, gishiri kuma ƙasa da giram 5, wato ƙaramin cokali guda, har da wanda ke cikin dunƙulen magi. Abin kunya ne a ce ƙasar da ke loda wa kudu albasa tirela-tirela, da lawashi da gabu a kowane gida, ganye ya gagare ta.

Inda na san za mu ɓata shi ne sukari. Iyakar da hukumar ta sa wa babba ita ce kusan giram 50 a rana, ƙaramin cokali 12. Kwalbar lemo babba guda ta kusa cinye wannan kason, kafin a zo ga mai shayi, wanda in ya zuba cokali uku kuke cewa ya yi rowa. Sai kabu-kabu. Masallaci na bayan gida, amma sai an tayar da mashin. Minti 150 na tafiya da sauri a mako ake nema, rabin awa sau biyar. Masu ɗorin Aliero sun yi suna har ƙetare wajen haɗa ƙashin da ya karye, amma gwiwar da nauyi ya cinye a hankali ba ta ɗoruwa.

Mai ciwon sukari, da mai juna biyu, da mai shayarwa, ku fara ganin likita kafin ku taɓa kwanonku. Sauran kuwa na ji tambayarku daga can baya: furar fa? Ku sha abarku, a dama da nono mai kyau. Ludayin sukarin ne za a rage, kuma ƙwarya guda ta mutum biyu ce, Alhaji, ko ka harare ni.