Ƙwas a Gindin Mota

Tsakanin Birnin Kudu da Gwaram, duk fasinjan da ya shiga Hiace bakanike ne. Da an ji "ƙwas!" daga baya, sai shawara ta ɓarke. Wani ya ce shokazoba ce, wani ya rantse salansa ce ta kwance. Wata tsohuwa ta ce a duba akuyar da aka ɗaure ƙarƙashin kujera. Direba kuwa maganinsa guda ne: ya ƙara muryar rediyo.

Alhali motar da ke ja da ƙafafun baya ba ta ɓoye ciwonta. In ƙarar na zuwa lokacin da aka sa giya ko aka saki totur, a tuhumi kuros ɗin farfela, ko haƙoran aksul da suka cinye. In sai an faɗa rami take yi, bushin ne na sifirin ko na shokazoba. In kuka ne mai ƙaruwa da gudu, a leƙa man aksul.

Gwajin kuros ba ya cin ko kwabo. A tsaya a shimfiɗaɗɗen wuri, a kashe inji, a sa weji, a cire giya, a kama farfela a girgiza. In ta yi wasa a gaɓa, ɓarawo ya shiga hannu.

Sai dai ƙarar makira ce: da ta hango gareji sai ta yi tsit, bakanike ya ce, "Oga, lafiyarta lau."

Malam direba, canja kuros tun yana kuros. Ranar da farfela ta faɗo a titi, rediyo ba ya tura mota.