Buhun Masara Naira Biyar

Kawuna dillalin hatsi ne a Dawanau. Tun da na gama karatun kwamfuta yake ganin an yi asarar kuɗin makaranta muddin abokan cinikinsa ba sa ganin farashi a waya. Na ce wannan ai ƙaramin alhaki ne. Na ɗauko Flask, tsarin gina manhajar intanet, wanda Armin Ronacher, ɗan Ostiriya, ya fitar a 2010. Asalin abin ma daga zolayar ranar 1 ga Afrilu ya faro, amma ni da zuciya ɗaya na karɓe shi.

Daɗinsa rashin nauyi. Layuka kaɗan ka rubuta, API ya tashi: a tambayi masara, ya amsa da farashi. Sai dai ba ya zuwa da rumbun adana bayanai, ba ya kuma tambayar wa ya shigo. Wannan kai za ka ji da shi.

Na tura wa Kawu 127.0.0.1:5000. Can sai ga kira.

"Kai ɗan nan, lambar nan ba ta shiga. Ta wace ƙasa ce?"

Ashe bugawa ya yi ta yi. Ko da ya buɗe ta a intanet ma ba abin da zai gani, don adireshin nan kowace na'ura kanta take nufi da shi. Na kama hayar saba, aiki ya hau. Akwai wani jan rubutu da Flask ke fitarwa cewa kada a yi aikin gaske da sabarsa ta gwaji. To wa ke karanta jan rubutu da ƙarfe biyun dare?

Farashin da yaron shago ke shigarwa a ƙwaƙwalwar wucin gadi yake zama. Da na gyara wani waƙafi a fayil, saba ta sake tashi da kanta, komai ya koma kan farashin da na sa na gwaji: masara naira biyar, gero naira bakwai.

Washegari wani Alhaji daga Maraɗi ya tsaya a ƙofar shago, waya a hannu, ya ce a auna masa buhu ɗari uku, ga dubu ɗaya da ɗari biyar. Kasuwa ta taru. Da wasa yake yi, amma Kawu bai yi dariya ba.

Yanzu farashin na cikin rumbun SQLite, da sabar Gunicorn a gaba, ga kalmar sirri. Kawu kuwa ya sayi allo da alli, ya kuma hana ni zuwa shagon da jakar kwamfuta.