Ganga ba Ubangida

A teburin mai shayi a Yako na kunna wa wani dattijo, tsohon makaɗin kalangu, kiɗan ƙungiyar Cream ta Ingila. Faifansu ne na 1968, Wheels of Fire, wanda aka ɗauki rabinsa a gaban 'yan kallo a San Francisco. Na zaɓi "Toad", mai tsawon minti 16, kusan duk Ginger Baker ne shi kaɗai yake jibgar ganguna.

Baba ya kasa kunne har shayinsa ya huce. Can ya ce, "Yaro, wa yake wasawa?"

Na ce, "Ba kowa, Baba."

"Ba sarki, ba attajiri, ko direban tifa?"

Na ce babu.

"To wa zai yi masa liƙi?"

Sai na ba shi labari. Su uku ne kacal, amma Baker da Jack Bruce, mai jita kuma mawaƙi, ba sa ga maciji; tun kafin a kafa ƙungiyar suke dambe. Eric Clapton ne a tsakiya, kamar mijin mata biyu ranar rabon nama. A Nuwamban 1968 suka watse. Baker kuwa ya keto Sahara da mota a 1971 ya nufi Legas wurin Fela.

Baba ya girgiza kai. Ya ce ai shi tun farko ya ji alama: wannan ba kiɗa ba ne, mutum ne ya rasa wanda zai daka, ya huce a kan fata. Sannan ya miƙo kofi, wai a ƙaro masa mai zafi a kuɗina.