Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Hajiya Suwaita

Ranki ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan kin fito daga ƙasan akwati lafiya, na rubuto ne a madadin masu jin ɗari na Abare da kewaye. Ba mu raina ƙoƙarinki ba. Daga Disamba zuwa Janairu, in hunturu ya taso yana tsaga leɓe da dunduniya, ke ce gatanmu a hanyar sallar Asuba. Ita ma baiwar Allahn da ta duƙufa da kwarashi da zaren ulu har ta haɗa ki, Allah ya saka mata.

Kukanmu ɗaya ne: ba ki da aljihu. Babbar riga tana da nata a ƙirji, har da aiki a kansa. Kaftani yana da na gefe da na gaba. Ke kuwa ba ki ba mu ba, kuma kin toshe waɗanda muke da su. Dattijo zai ciro goro, sai ya yaye ki har cibiya a gaban surukai. Waya tana ruri, kafin a lalubo ta mai kira ya yi fushi. Hunturun farkon 2023 ne kawai muka ɗaga miki ƙafa, bayan da Babban Banki ya canza takardun naira 200 da 500 da 1,000 har kuɗi suka yi ƙaranci a hannu, domin a lokacin mai aljihu da marar aljihu duk ɗaya suke.

Masu saƙa sun ce hanya biyu ce. Ta farko, a saƙa ɗan murabba'i daban da ragowar zarenki, a ɗinka shi ta ɓangare uku, a bar sama a buɗe. Ta biyu, a tsinke zare ɗaya a tsakiyar layi, a yi maza a kama bakin sama da na ƙasa, a saƙa 'yar jaka ta ciki. Wannan tiyata ce, in hannu ya yi rawa sai ki warware har wuya. Mun san halinki na saurin zuciya, don haka mun zaɓi ta farko.

Kada ki ji tsoron nauyi ya ja ki gefe guda. Goro ne da carbi da 'yan canji. Dutsen zinare ba ya cikin lissafi: tun gubar dalma ta 2010 da ta ɗauke mana yara a nan da Dareta da Bagega, likitoci suka yi gargaɗin kada dutse ko ƙurarsa su shigo gida, balle aljihu.

Mun ba ki wa'adi zuwa ƙarshen sanyin bana. In kin ƙi, akwai jaket ɗin gwanjo mai aljihu huɗu da zif tana rataye a kasuwar Anka. Ba za mu sake ki ba, kishiya kawai za mu yi miki.

Naki mai biyayya,
Wani mai jin ɗari,
Abare, ƙaramar hukumar Anka.