Shadda a Gwanzu

Da labari ya bazu cewa Alhaji, maigidana a Kantin Kwari, zai tafi da ni Gwanzu ta ƙasar Sin saro kaya a watan Yuli, sai gidanmu ya koma majalisar shirya akwati. Kowa ya zama masani, alhali wanda ya fi nisan tafiya a cikinsu Kawu ne, shi ma Makka ya je tun zamanin Shagari.

Hajiya ce ta fara cusa suwaita biyu da bargo. Na ce, "Hajiya, an ce can ma zafi ake yi." Ta ce, "Rufe min baki. Ƙasar waje ce fa." Maiɗakina ta bi bayanta da yaji da ƙuli-ƙuli.

Ni kuwa damuwata ɗaya, kada a raina Kano. Na kai shaddodina aka zuba musu sitaci har suna iya tsayuwa da kansu, na haɗa da babbar riga da takalmin fata. Zafi kuma? Na duba waya na ga wai 33 ne a ma'auni, na yi dariya. Wanda ya yi azumi a Kano cikin bazara, ma'auni na haura 40, shi za a tsorata da 33?

A filin jirgi na tarar da Alhaji da 'yar jaka ɗaya, ni kuwa akwati biyu, kowanne ya cika kilo 23 ɗin da aka yarje. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Kai, ƙaura za ka yi?"

Wuri ɗaya tak aka yi sanyi a tafiyar nan, Adis Ababa, inda muka yada zango da dare. Garin na bisa tsaunuka, sama da mita 2,300, ga damina. Haƙorana suna ta kaɗawa, suwaitar Hajiya kuwa tana can cikin tumbin jirgi tare da bargo.

Muna fita daga filin jirgin Gwanzu sai na ji kamar an buɗe madambaci a fuskata. Ashe zafi iri-iri ne. Namu busasshe ne, ka yi gumi iska ta shanye, ka sami inuwa ka huta. Gwanzu kuwa a bakin kogi take, teku na kusa, danshin iska ya kai kusan kashi 80 cikin 100. Iskar ta riga ta ƙoshi da ruwa, ba ta da inda za ta kai guminka, sai ta bar maka abinka. Inuwa ma ba ta ceto.

Kafin mu isa Shiyawbe, unguwar da 'yan Afirka ke taruwa, sitaci ya narke, shadda ta manne a bayana, ina tafe ina danƙo. Da dare na wanke ta na shanya. Washegari tana nan a jiƙe, jibi ta soma tsami. Yaji ya dunƙule, ƙuli-ƙuli ya yi laushin da ko Kawu mai haƙori biyu zai ci. Takalmin fata ya yi fumfuna. Ruwan sama kuma ba ya sallama, sai dai ka ji shi a ka.

Alhaji ya ja ni wani shago, ya saya min riguna shara-shara da lema, ya ce, "A albashinka."

Ranar dawowa na yanke shawarar barin bargon a otal, ko kayan sayarwa su sami wuri. Sai ga wayar Hajiya: "Ka kula min da bargon nan, na maƙwabta ne na aro."

Duk mai niyyar Gwanzu tsakanin Yuni da Satumba, ya ɗauki kaya marasa nauyi da silifas da lema, akwatinsa kuma ya rufe shi da kwaɗo kafin dangi su ji labari.