Ko Jaki Ya San Iyakarsa

A garinmu Ƙofa, in ka labta wa jaki kayan da suka fi ƙarfinsa, ba ya neman shawarar kowa. Gurfanewa zai yi a tsakiyar hanya, ka yi ta jibga har kafaɗarka ta sage. Amma akwai wata baiwar Allah da ba ta da wannan gatan: igiyar wutar nan mai soket huɗu da muke ce wa istanshan. Ita ko me ka ɗora mata ɗauka take yi, ba turjiya ba kuka, sai dai ta yi ta zazzaɓi a ɓoye.

Kwanan baya na leƙa shagon wani ƙanena mai kwamfuta, inda ake buga takardu da cike fom ɗin JAMB. Kwamfutar kam 'yar gata ce. An lulluɓa mata leshi saboda ƙurar hunturu, yaro ko kallonta ya cika yi sai ya sha tsawa. Da na sunkuya ƙarƙashin teburi kuwa, sai na tarar da zuri'a guda. Istanshan ta haifi istanshan, ita ma ta haihu, har an samu jika. Kwamfuta na jiki, injin fotokwafi na jiki, ga cajar maƙwabta guda bakwai, ga hitar mai shayi da aka zuro ta taga saboda zumunci.

Na dafa igiyar, na ji ta kamar ƙosan da aka tsamo yanzu. Na ce, "Kai, wannan ai ta ɗau zafi."

Ya ce, "Yaya, ai alamar tana aiki ke nan."

Filogin uwar gayyar ma an daɗe da yi masa kaciya. Silin waya biyu tsirara aka cusa a bango, aka tokare da tsinken ashana. Na biyun yana da kansa, sai dai fis ɗin da ke ciki ya ƙone sau uku, shi ne ƙanena ya naɗe gurbin da takardar kwalin sigari. Ya ce, "Tun daga ranar bai sake damuna ba." Wato ya sallami mai gadi saboda ya cika ihun ɓarawo.

Alhali lissafin bai kai na zakka wuya ba. Wutar gidajenmu bolt 230 ce. Filogi mai ƙafa uku da muka gada daga Ingila, babban fis ɗinsa amfiya 13 yake ɗauka. In ka buga, wajen wat 3,000 ke nan, shi ne iyakar jakin, in ma lafiyayye ne. Hita ɗaya kan ci 1,000 ko ma 2,000. Ƙara dutsen guga, ka gama. Kuma zafin waya ba ya tafiya a hankali: in ka ninka mata kaya biyu, zafinta huɗu yake ninkawa. Mu kuma don kada ta ji sanyi, sai mu nannaɗe ta mu tura ƙarƙashin katifa.

Asalin cutar a kasuwa ake kwaso ta. Mutum zai je Kankiya ya zube kuɗin tunkiya a kan sabuwar waya ko ƙiftawa bai yi ba, ya saya mata riga da gilashi. Da an zo kan igiya sai ya zama ɗan tireda. Mai kaya ya miƙo guda biyu: mai nauyi ta jan ƙarfe, da shafal wadda aka shafa wa alminiyam jan launi, silinta kamar gashin jariri. Sai ka ji, "Ba ni mai sauƙin, ai duk wuta ce." Hausawa sun ce araha ba ta ado, ba su gaya mana tana ƙauri ba.

Sai kuma ɗabi'ar barin komai a kunne. Tun 2005 aka binne sunan NEPA, yau KEDCO ke raba wuta a Kano da Katsina da Jigawa, amma da ƙwai ya haska yara Nepa suke wa guɗa. In ta zo da rana, to, da sauƙi. In ta zo ƙarfe biyun dare, hitar da aka manta a bokiti ita ke fara farkawa, masu gida su ne na ƙarshe.

Mun ga yadda gobara ta yi da kasuwar Sabon Gari ta Kano a 2016, da babbar kasuwar Katsina a 2021. Mun yi jaje, mun ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, muka dawo gida muka ƙara wa jakinmu kaya. Ƙaddara gaskiya ce, amma ban taɓa jin ita ta cusa tsinken ashana a soket ba.

Na dai yi ta mita har ƙanena ya sayo sabuwar istanshan mai kauri, da fis ɗinta da komai. Da na koma ya nuna mini ita yana washe baki. Na bi igiyar da ido har ƙarshe, sai na ga a jikin tsohuwar ya jona ta.

Ya ce, "Yaya, ai ba a yar da uwa don an samu 'ya."