Ni da Dillalan Sakkwato

Akwai dillalan filaye a Sakkwato da suka ajiye lambata a wayoyinsu da sunan "Alhajin Tambuwal". Ban taɓa zuwa Makka ba, kuma ban taɓa sayen ko taku ɗaya na ƙasa a hannunsu ba. Abin da ya haɗa ni da su wata lalura ce da na daɗe ina fama da ita: neman unguwar da zan gina wa iyali gida kusa da makaranta mai kyau. A baki wannan ba aibi ba ne, duk uba na kirki yana yi. Tawa ta fita daban ne domin ba karatun nake bi ba. Abin da ya dame ni shi ne yadda sunan unguwar da na makarantar za su fito daga bakina idan an tambaye ni a majalisa.

Ni haifaffen wani ƙauye ne a ƙaramar hukumar Kebbe. Aiki ya kawo ni Tambuwal, nan na yi aure, nan muke haya. Muna da majalisa a gindin wata darbejiya bayan la'asar. Wata rana wani abokinmu da ya kwashe iyalinsa zuwa Sakkwato ya zo ganin gida, aka tambaye shi yara. Ya gyara zaman hularsa, ya ce suna nan Arkilla, sannan ya ambaci makarantarsu, wani dogon suna na Turanci da sai an ja numfashi a tsakiyarsa. Bai ko ɗaga murya ba. Majalisa ta ɗauka da "Ma sha Allah!" Aka juyo kaina, na ce nawa suna firamaren bayan gidanmu. Aka ce, "To, Allah shi taimaka." A daren nan ban ci tuwon kirki ba.

A ƙarshen 2015 Gwamna Aminu Waziri Tambuwal, ɗan garin nan, wanda ya wakilci mazaɓar Kebbe da Tambuwal a Majalisar Wakilai daga 2003 zuwa 2015, ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a jihar. Ni ma na ayyana tawa a tsakar gida. Na tara mai ɗakina da yara a kan tabarma, na sanar da su cewa zamanmu a nan ya kusa ƙarewa, birni za mu koma, kowa ya fara shiri. Gwamna ya kammala wa'adinsa biyu, ya wuce Majalisar Dattawa a 2023. Tawa dokar tana nan ba a ɗage ba. Yaron da na fara wannan fafutuka dominsa yana aji ɗaya a firamare a lokacin. Yanzu muryarsa ta buɗe, takalmina yake arowa ranar Juma'a.

Tsakanin Tambuwal da Sakkwato tafiyar kusan kilomita 100 ce. Na san hanyar nan fiye da yadda na san hanyar gonarmu: Dogon Daji, Shagari, Boɗinga, sai gari. Ranar Asabar nake shiga motar haya da sassafe, da babbar riga mai guga, domin dillali ba ya ɓata mansa a kan mai taguwa. Na zaga Mabera, inda kusan kowane lungu akwai allon makarantar kuɗi, na ce a'a, duk wanda ya san Mabera da damina ya san sai ka naɗe ƙafar wando. Na duba Gawon Nama, kusa da asibitin koyarwa, na ji farashi, na ce hayaniya ta yi yawa. Farfaru ta kwanta mini a rai saboda Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari da Kwalejin Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi duk suna wajen, kuma bakin hanyarmu ce ta gida. Nan ma na ji farashi, na gano cewa ƙurar manyan motoci za ta dami yara. Runjin Sambo cunkoso. Dambuwa da Kwannawa nisa. Kowace unguwa na samo mata laifi, kuma kowane laifi yana da ƙamshin gaskiya, abin da ya sa na daɗe ban kama kaina ba ke nan. Magana ɗaya ce a ƙasa: unguwannin da aljihuna zai iya ba su da daɗin faɗa, masu daɗin faɗa kuma aljihuna ba ya iyawa.

Ruwan ido ne, na sani. Na zama kamar mai zawarcin da ya san ƙofar kowace bazawara a gari, ya sha furar kowane gida, amma ko sisin gaisuwar iyaye bai taɓa kaiwa ba.

Akwai wani dillali da na fi shaƙuwa da shi, mutum mai fara'a, wanda bai taɓa fid da rai da ni ba. Wata Asabar ta bazara ya goya ni a babur, muka bar kwalta, muka bar gidaje, muka bar turakun wuta, har muka tsaya a tsakiyar wata gona da ba a ko kwashe karan geron bara ba. Ya sauka, ya buga ƙafa a ƙasa.

"Alhaji, filin ga ba shi kwana. Hamsin da ɗari ne cif. Ka ga can inda jakin can yat tsaya? Nan za a gina makaranta, babba, hawa biyu, har da motar ɗaukar ɗiya."

Na ce, "Wa zai gina?"

"Wani mutum na, daga Abuja. Mi kaka jira? Aje kafin alƙalami kawai."

Mai hankali a nan zai tambayi takardun fili, ko awon gwamnati ne ko na igiya, ko mai unguwa ya san da cinikin, ina ruwa yake bi idan sama ta sako, burtsatse nawa ne zurfinsa a wajen. Ni kuwa tambayar da ta fito daga bakina ita ce wane suna za a sa wa makarantar. Ya ɗan yi shiru, ya ƙirƙiro wani nan take, na kuwa maimaita shi a zuciyata, na ji ya zauna daram. Har na auna taku daga inda ƙofar gidana za ta kasance zuwa wurin jakin. Jakin ya dube ni, ya ci gaba da cin kara. Na ba dillali kuɗin mai, na ce zan yi shawara.

Mai ɗakina malamar firamare ce, mai takardar NCE, wadda ita ce mafi ƙarancin shaidar da doka ta amince mutum ya shiga aji da ita a Najeriya. Sau da yawa ta bar ni da haukata. Amma akwai ranar da na matsa mata ta bi ni ta ga wata makarantar kuɗi da na ƙyalla ido a kai, wadda na riga na fara neman haya a kusa da ita. Ni abin da ya sace zuciyata a wurin bikin yaye 'yan nazare ne da na taɓa tararwa: yara 'yan shekara biyar cikin rigar digiri da hula mai tuntu, ana kiran sunansu ɗaya bayan ɗaya da lasifika. Wallahi sai da na share ƙwalla, kuma ba ɗana ko ɗaya a ciki.

Muka shiga. Na nuna mata get mai fenti, na nuna mata lilo, na nuna mata motar makaranta mai ruwan ɗorawa. A ofishin shugaba na'urar sanyaya ɗaki tana aiki, ga kofunan gasa jere a kan kanta. Na miƙe ƙafa, na ji na iso. Ita kuwa ko kallon kofunan ba ta yi ba. Ta tambayi yara nawa ne a aji ɗaya, malamai nawa ne suka shekara uku a wurin ba su tafi ba, kuma ranar nawa ga wata ake biyansu. Sannan ta roƙi a ba ta littafin rubutun kowane yaro daga aji huɗu. Aka kawo. Ta lasa yatsa, ta fara buɗawa daga baya zuwa gaba, tana neman jan biro. Ta yi ta buɗawa. Shafi bayan shafi yaron ya kwafe abin da ke allo da rubutu mai kyau, ba wanda ya duba masa, har da lissafin da ya yi ba daidai ba yana nan yadda ya bar shi tun zangon da ya wuce. Ta rufe littafin, ta yi godiya cikin ladabi.

A cikin Keke Napep ta ce, "Malam, fenti ka zo saye ko karatu?"

Na ce ai ba a yanke hukunci da littafi ɗaya. Ta ce haka ne, shi ya sa ta duba uku lokacin da nake hira da direban motar makaranta a kan ko tana da rediyo.

Ba zan zalunci kaina gaba ɗaya ba, akwai dalili na gaske da ke tura iyaye birni, kuma ba abin dariya ba ne. An kwashe ɗalibai a Ƙanƙara a Disambar 2020, aka kwashe 'yan mata a Jangebe a Fabrairun 2021, aka shiga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri a watan Yunin shekarar. A wancan lokaci gwamnatin Sakkwato ta rufe makarantun kwana da dama na wajen birni. Mu da muke kudancin jihar, Zamfara a gefe guda, jihar Kabi a ɗaya gefen, ba labari muke ji daga nesa ba. Na san mutanen da suka sayar da gona suka koma Sakkwato don kawai ɗansu ya je makaranta da safe ya kwana a gabansu da dare. Su tsoro ya kore su. Ni kuwa na ari tsoronsu na yafa a kan burgata, domin ya fi sauƙin faɗa a gaban mutane. Wannan ɓangaren ne ba na son tunawa idan na kwanta.

Abin da ya fi ba mai ɗakina dariya shi ne Kwalejin 'Yan Mata ta Gwamnatin Tarayya da ke nan Tambuwal, ɗaya daga cikin makarantun haɗin kai fiye da 100 da ke faɗin ƙasar nan. Duk farkon zango motoci ne ke shigowa daga wasu jihohi, an ɗauro akwatuna da bokitai, iyaye sun yi doguwar tafiya sun kawo 'ya'yansu garin da ni nake neman hanyar gudu daga cikinsa. Shiga can ba a tambayar unguwar da gidan ubanki yake. Jarrabawar shiga ce da hukumar NECO ke shiryawa ga 'yan aji shida. Na sha wuce ƙofar makarantar nan a motar haya, kaina a sunkuye ina duba hotunan filaye a WhatsApp.

Kawuna na Kebbe, tsohon malamin makaranta, ya taɓa tsare ni a wurin wani suna. Ya ce Alhaji Shehu Shagari daga ƙauyensu ya tafi elemantare a Yabo, ya wuce Midil a Sakkwato, ya je Kwalejin Kaduna, ya dawo ya koyar, har ya zama shugaban ƙasa a 1979, kuma ba wanda ya ji an ce an saya wa iyayensa fili kusa da makaranta. Na ce, "Kawu, ai zamani ya canja." Ya ce, "Awo, ya canja. Da uba kan zauna ya ji karatun ɗansa. Yanzu uba na bisa hanyar Boɗinga." Na nemi wurin alwala.

Kuɗin kuwa suna nan suna narkewa. Na sayar da albasar shekara guda, na sayar da bijimin da na yi kiwo, na zuba a banki da sunan fili. Duk lokacin da na koma da niyyar wannan karon sai an yi ta ta ƙare, sai in tarar farashi ya yi gaba ya bar ni. Da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, mai ɗakina ta ɗauko bayan wata tsohuwar takardar jarrabawa ta yi mini lissafi: kuɗin Keke na kowane yaro zuwa da dawowa, boko da safe, Islamiyya da yamma; kuɗin ruwan 'yan ga-ruwa; kuɗin makaranta zango uku; yunifom da littattafan da ba a yarda ka saya a kasuwa ba sai a ofishinsu; sannan kuɗin motata ni kaina, tunda aikina yana Tambuwal, sai dai in zama baƙon ƙarshen mako a gidana. Ta ja layi biyu a ƙarƙashin jimlar, da jan biro. Na ce ba ta sa albarkar birni a lissafin ba.

Bara mai ɗakina ta kwashi adashinta, ta haɗa da kuɗin tumakinta, ta sayi wani ɗan fili a nan Tambuwal, tafiyar ƙafa kaɗan daga makarantar da take koyarwa. Ba ta yi shawara da dillali ko ɗaya ba, matar mai unguwa ce ta yi mata hanya. Yanzu an buga bulo, an haƙa harsashi, kuma da kuɗin bijimina aka sayi siminti, domin ta nuna mini cewa idan suka ƙara shekara a banki ko buhu ashirin ba za su saya ba. Ƙaramar 'yarmu tana aji shida, kullum bayan isha suna kan tabarma ita da uwarta suna bin tsofaffin tambayoyin jarrabawar shiga kwalejin 'yan matan.

A majalisa na bayyana cewa ginin na wucin gadi ne, kafin maganar Sakkwato ta kammala. Shekaranjiya dillalina ya kira, ya ce wani fili ya fito wajen Bado, kusurwa ne, kuma wannan karon makarantar har an kai linta. Na ce masa gaskiya yanzu ba ni da ko kwabo. Ya ce, "Alhaji, gani ai kyauta na." Na riga na kai babbar rigar wurin mai guga.